Ba A Ɗaga Ɗan Jar Riga

Wani abu ya yanke ta a yatsa cikin ruwan wanki. Maman Kulob ta zaro hannu da sauri, ta tsotse jinin, sannan ta juya safar da take cuɗawa. Katin magani ne ya faɗo kan kumfa, an ɓalle ƙwayoyinsa kaf, sai ramuka. Ta ɗaga shi a rana tana jujjuyawa. Rubutun jikinsa ba ta gane shi ba, amma safar ta gane ta, don ita ta ɗinke dunduniyarta da baƙin zare ranar da ja ya ƙare mata. Safar Auta ce, ɗanta na ƙarshe.

Ba yau ta fara tsintar irin wannan kati ba. Ta daɗe tana samun su a safunan samarin ƙungiyar ƙwallon da take yi wa wanki, da aljihun gajerun wandunansu, wani ja, wani kore, wani fari. Takan jefa a shara ta ce Allah ya shirya, ta ci gaba da wankinta. Ai 'ya'yan wasu ne. Yau da abin ya fito daga safar nata ɗan, sai ta saki wankin. Ta zauna a kan kifaffen bokiti, jajayen riguna na ɗiga daga igiya, ruwa na sauka a ɗankwalinta ba ta ma sani ba.

Saura 'yan kwanaki a buga wasan ƙarshe na kofin yanki, kuma garin ba shi da wata magana sai wannan.

* * *

Duk mai son tarihin Jar Riga, ƙungiyar ƙwallon garin, ya je teburin mai shayi, maza za su ba shi har sai ya ce ya isa. Amma nasu tarihin na cin ƙwallo ne da ɗaga kofi. Maman Kulob ta san wani daban, don a shagon ubanta aka haifi ƙungiyar, kuma tun tana 'yar mitsitsiya take wanke rigunan 'yan wasan.

Ubanta tela ne a bakin kasuwa. Shi da 'yan dako da makanikan tasha da wasu leburorin kamfanin auduga suka share filin bayan makaranta, suka tsince duwatsu, suka kafa tsofaffin bututun ruwa suka kira su raga. Akwai wani jan yadi da ya rage masa daga ɗinkin labule. Ya ja nan, ya ja can, da ƙyar ya fitar da riga goma sha ɗaya, har gola ma ja ya sa. Ta goma sha biyu babu. Don haka ba su da ɗan canji, ba su da benci, ba su da komai sai ƙafafunsu.

A wasansu na farko da garin maƙwabta, wani ɗan dako ya faɗo a kan kafaɗarsa, ƙashi ya ce ƙas. Aka duba bakin fili, babu mai shiga. Ubanta ya tsaya a kansa yana roƙonsa ya tashi, don in ya fita sun koma goma. Bawan Allah ya tashi, ya soke hannun cikin riga, ya ƙarasa wasan yana hawaye, kuma suka ci. Ita da kunnenta ta ji ubanta yana cewa da yana da yadin riga ɗaya tak, da bai bar mutumin nan ya sake taɓa ƙwallo a ranar ba. Talauci ne ya tayar da shi. Amma maza ba sa son a ce musu talauci, sun fi son a ce jarumta. Kafin shekara ta zagayo abin ya zama doka: ba a ɗaga ɗan Jar Riga. In ya faɗi, 'yan'uwansa su ja da baya, 'yan kallo su ɗau tafi suna "Tashi! Tashi!" har sai ya miƙe da kansa. Wanda aka kama hannunsa aka ɗaga, ko aka fitar da shi a kafaɗa, ya gama sa ja, kuma ya gama buɗe baki cikin maza a garin.

Ubanta ya rasu, kamfani ya rufe, aka cire bututu aka sa raga ta gaske. Riguna suka yi yawa har wankinsu na cinye mata yini, benci ya cika da samari masu jiran a kira su. Doka kuwa tana nan daram. A ɗakin ƙungiya, wani tsohon sito a gefen fili, hotuna ne jere a bango, kuma ba a gabatar da kowa da ƙwallon da ya ci. Da ciwonsa ake gabatar da shi. Wannan ya buga da karyayyen haƙarƙari. Wancan haƙoransa suka zube, ya tofar ya ci gaba. Na tsakiya, mai rungume da kofi, shi ne Katanga, ɗan bayan da gwiwarsa ta fashe a wasan ƙarshe bai ko dubi benci ba. Kofin nan shi kaɗai ƙungiyar ta taɓa ɗauka. Katanga kuwa mijinta ne, shi ne kocin ƙungiyar yanzu, kuma tun daga ranar wasan nan ƙafarsa ta dama ba ta ƙara lanƙwashewa ba. Mai walda ne, a kan kujera yake aiki don ba ya iya tsugunno.

Mutanen hotunan nan tana ganin su kullum a hanyar kasuwa. Mai haƙarƙarin gawayi yake sayarwa yanzu, ba ya iya dogon numfashi. Ɗan dakon farko har ya koma ga Allah hannunsa a shanye yake, bai ƙara ɗaukar buhu ba. Wannan ba a rataye shi a bango. Mutanen da can, haƙori suke cijewa su daure, na yanzu kuwa sun samo ƙwaya.

* * *

Ta sami Auta a ɗakinsa bayan ya dawo daga gidan burodin da yake aiki, garin fulawa har a girarsa. Yana zaune a bakin katifa ya miƙe ƙafa ɗaya, yana ganin ta ya ja zane ya rufe. Ta yaye zanen. Gwiwar ta kumbura suntum, fatar na ƙyalli, ta kusa ninka 'yar'uwarta. Ta ɗora masa katin a kan gwiwar.

Ya yi dariya, irin wadda yake yi tun yana yaro in an kama shi da hannu cikin gwangwanin sukari. Ya ce wai Umma ta zama ɗan sanda, saura a saya mata hula da kulki. Da ya ga ko murmushi ba ta yi ba, sai ya sunkuyar da kai ya faɗa mata gaskiya. Tun kakar wasan bara ya murɗe gwiwar. Aka yi masa tafi, ya tashi. Washegari ya kasa taka ƙasa, gola ya ba shi ƙwaya ɗaya, ya ji kamar an sauya masa sabuwar ƙafa. Da fari ranar wasa kawai yake sha, daga baya har ranar atisaye. Yanzu ko gaban tanda ba ya iya tsayawa sai ya haɗiya, kuma ɗaya ta daina yi masa komai. Ya ce kowa na sha, har 'yan bencin da ba abin da ke damun su.

"Babanka ya sani?"

"Baba ba ya tambaya, Umma. Shi dai ya ga mutum a tsaye."

Ta ce ya tashi su tafi asibiti yanzun nan. Ya kama hannunta da hannu biyu yana lallashi. Ya ce in suka je, ɗaure ƙafar za a yi, shi ke nan ya rasa wasan. Ta yi masa haƙuri, wasa ɗaya ne. Tun yana rarrafe ake nuna masa gurbin da za a rataye hotonsa kusa da na ubansa, in ya zauna a benci ranar nan gara ya tattara ya bar garin. Tana sauraron sa tana ƙare masa kallo. Wuyansa ya zurma, idanunsa sun faɗa. Duk ta ga wannan tuntuni, ta ɗora wa zafin tanda laifi. Kunya ta kama ta, da tsoro.

* * *

Ta bi Katanga har shagonsa, abin da ba ta saba ba. Yana kan kujerarsa, ƙafar nan a miƙe kamar taɓarya, yana haɗa wata ƙofar ƙarfe. Ya kashe wuta, ya ɗage baƙin gilashi, ya saurare ta har ta gama yana goge hannu da tsumma.

Ya ce shi dai bai taɓa ba ɗan kowa ƙwaya ba. Ta ce ta sani, amma kuma bai taɓa tambayar abin da ke sa yaron da ya ga yana birgima jiya ya zo yau yana tsalle ba. Ya ajiye tsumman. Can ya ce ta daure a wuce wasan nan, shi da kansa zai kai yaron asibiti. Ta ce ba wannan ta zo roƙo ba, benci ta zo roƙo. Ga samari nan sun cika shi har suna ture juna, ya ɗauki ɗaya ya sa.

"Ke ba ki gane ba," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "'Ya'yan mutane nawa na tsaya ina kallo suna murƙususu a ƙasa ban bari an taɓa su ba? Iyayensu suna nan, kullum muna gaisawa. Yau da abin ya zo kan nawa sai in ce ya zauna ya huta? Da wane ido zan dube su?"

"Da idon da kake duban ƙafarka kowace safiya, Baban Auta."

Ya sauke gilashin, ya kunna wuta, tartsatsi ya tashi tsakaninsu. Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Shekara da shekaru tana shafa wa ƙafar nan man zafi, tana jin nishinsa in sanyi ya shigo, tana rufa masa asiri a gaban mutane. Ba ta taɓa jin haushinsa irin na ranar ba.

Daga nan ta biya kemis ɗin bakin tasha. Mai kemis ya tarbe ta da fara'a, Mama sannu, Mama ga kujera. Shi ya saya wa ƙungiyar sabuwar raga, sunan shagonsa ma yana rubuce a bayan rigunan da take wankewa. Ya ce shi magani yake sayarwa ba guba ba, wanda ya sha fiye da ƙima shi ya so. In ma ya hana su, akwai masu sayarwa a bayan tasha, waɗanda Allah kaɗai ya san abin da suke haɗawa. Ya raka ta har bakin ƙofa yana tambaya ko Tara zai ci musu biyu ranar wasa. Da lambar rigarsa ake kiran Auta a gari.

* * *

Ranar wasa da safe, Auta na wanka, ta shiga ɗakinsa. Ba ta sha wahalar nema ba, ai uwa ta san inda ɗanta ke ɓoye abu. Ƙwayoyin suna cikin tsohon takalminsa na ƙwallo a bayan ƙofa. Ta kwashe su duka, ta zuba a masai, ta bi da ruwa.

Dabararta ba ta da wuya. In babu ƙwaya, gwiwar ba za ta kai shi ko bakin titi ba. In kuwa tun daga gida ya kasa takawa, to ba faɗuwa ya yi a fili ba, ba wanda ya ɗaga shi, dokarsu ba ta hau kansa ba, ubansa ma ya samu mafita ba tare da ya ji kunya ba. Har daɗi ta ji a ranta, ta ce ashe abin da sauƙi.

Ta kafa teburin guga a tsakar gida. Tana jin sa yana birkita ɗaki, ya ɗaga katifa, ya zazzage jaka. Can ya fito yana dafa bango, tawul a wuya, gumi na keto masa duk da wankan da ya yi.

"Umma, don girman Allah."

Ba ta ɗago ba. Ta ce in ƙafarsa ce za ta buga wasan, ga riga nan ta goge, ya ɗauka. In kuwa ƙwaya ce za ta buga, ƙwaya ta tafi inda ya dace da ita.

Ya daɗe a tsaye. Ta zaci zai yi faɗa ko ya yi kuka, kuma da ya yi ɗaya daga ciki da ta fi samun sauƙi. Sai kawai ya ɗauki rigarsa, ya saɓa a kafaɗa, ya fita yana jan ƙafa, tafiyarsa sak ta ubansa. Shayin da ta haɗa masa ya huce a inda ta ajiye. Ta ce a ranta ba zai kai ko'ina ba, yanzu zai dawo. Rana ta take, ta karkata, bai dawo ba.

* * *

Da yamma ta yafa mayafi ta nufi filin. Gari duk ya ƙaura can, shaguna a rufe, yara a kan katangar makaranta, wasu a kan bishiya. Ta tsaya a kusurwar da mata ke tsayawa, kusa da masu sayar da ruwa. Tsawon rayuwarta ba ta taɓa taka cikin farin layin nan ba. Nata aikin a ƙofar ɗakin ƙungiya yake ƙarewa.

Da 'yan wasa suka fito, gabanta ya faɗi. Auta ne a gaba, yana tsalle yana dukan ƙirji, babu ɗingishi ko kaɗan. Gudu yake kamar ɗan akuyar da aka kwance daga turke. Kafin hutun rabin lokaci ya tashi sama ya sa wa ƙwallo kai, ta shige raga. Fili ya ɗauka, Tara, Tara. Mata suka rungume ta suna yi mata barka. Ita kuwa tana tambayar kanta me ke riƙe da gwiwar nan.

Ba a daɗe da dawowa ba ya faɗi. Ba wanda ya taɓa shi, ƙwallon ma tana can wani ɓangare. Yana cikin gudu sai ya tsaya cak, ya dafe kai, ya kife.

'Yan Jar Riga suka yi abin da aka koya musu. Suka ja da baya, suka kewaye shi daga nesa. Tafi ya tashi daga bayan raga, ya zagaye fili. "Tashi! Tashi!" Alƙalin wasa baƙo ne, ya busa usur ya ɗaga hannu a kawo agaji. Kyaftin ya tare shi yana yi masa bayani, nan ba a haka, a ba shi lokaci. Golan abokan karawa ya rugo zai duba shi, aka hankaɗe shi, saura kaɗan a ba hammata iska.

Sai ƙafafun Auta suka fara harbi, bayansa na ɗagawa yana komawa. Jama'a suka ga motsi, suka ce ga shi nan yana ƙoƙari, ai ɗan Katanga ne, yanzu zai miƙe. Tafi ya ƙaru. Tsofaffin 'yan wasa ma suna ciki, mai gawayi na buga sandarsa a ƙasa yana haki. Ta nemi mijinta da ido. Yana bakin layi, ya harɗe hannaye a ƙirji, bai motsa ba, leɓɓansa kaɗai ke bin jama'a.

Ita ta san tashin ɗanta. Tun yana koyon tafiya, in ya faɗi hannu yake fara kafawa a ƙasa. Wannan karon hannayen a ƙanƙame suke a ƙirjinsa.

Ta kutsa cikin mutane. Wani dattijo ya riƙo gefen mayafinta yana cewa, "Mama, za ki ɓata masa suna." Ta bar masa mayafin a hannu. Ta ƙetare layin, takalminta ɗaya ya fice, ta yi gudun da ba ta san tana da shi ba. Wasu suka fara yi mata ihu ta koma. Da ta durƙusa ta juyo fuskarsa, bakin cike yake da kumfa da amai da ƙasa, idanun sun kafe, leɓɓan sun yi baƙi. Ta sa yatsa ta kwashe abin da ke bakin, ta ɗora kansa a cinyarta, ta ƙwala ihu. Tafin bai tsaya lokaci ɗaya ba. A hankali ya mutu, daga na kusa zuwa na nesa, har ya rage 'yan yaran kan katanga da ba su san abin da ake ciki ba.

Ƙungiyar da ta haura shekara arba'in ba ta taɓa mallakar abin ɗaukar majinyaci ba. Me za ta yi da shi? 'Yan canji aka tayar daga kan benci, aka shimfiɗe Auta a kai, aka ruga da shi zuwa motar rabon burodi.

* * *

A babban asibiti, likita ta fito ta tambayi abin da ya sha. Kowa ya dubi ƙasa. Sai ɗaya daga cikin 'yan bencin da suka biyo motar ya yi magana. Ya ce Tara ya iso ɗakin ƙungiya da ƙyar, yana cewa ƙwayoyinsa sun ɓata. 'Yan'uwa suka tausaya masa, kowa ya zaro daga safarsa ya miƙa masa, wannan ja, wancan kore, wani ma na bayan tasha mara suna. Ya haɗa duka ya kora da lemon gwangwani.

"Taimakonsa muka yi, wallahi," in ji saurayin.

Maman Kulob ta jingina da bango. Ba wanda ya san inda nasa suka ɓata sai ita da shi, shi kuwa yana ciki da roba a hanci. 

Likita ta ce ƙwayoyin ne suka kayar da shi, amma abin da ya fi yi masa illa shi ne daɗewar da ya yi a kife ba ya samun iska. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko ba kowa a kusa lokacin da ya faɗi. Katanga na tsaye da hula a hannu. 

* * *

Auta ya rayu. Bayan wasu makonni aka dawo da shi gida, ɓarinsa na hagu a sake, magana sai a hankali, kalma ɗai-ɗai.

Kofin ma ya zo gari. Ashe bayan tafiyar motar an sa ɗan canji an ƙarasa wasan, kuma ƙwallon Auta ce ta raba gardama. Dattawan ƙungiya suka zauna kan batun hotonsa, aka yi ta ja-in-ja a teburin mai shayi: an ɗaga shi ko ba a ɗaga shi ba? Daga ƙarshe suka yanke cewa tunda uwa ce ta fara taɓa shi, uwa kuwa ba ɗan wasa ba ce, kuma shi bai nemi a ɗaga shi ba, doka ba ta karye ba. Suka aiko kyaftin ya yi mata albishir. Ta saurare shi daga bakin ƙofa, ta ce ya gaida gida. Mai kemis kuwa ya aiko da kwalin madara da gaisuwar ya mai jiki.

Katanga ya daina zuwa fili. Bai ce ya ajiye aiki ba, kawai wani ya karɓi usur ɗin aka ci gaba da atisaye. Shi da ita ba su taɓa zancen ranar ba. Kowa na riƙe da nasa a ciki, suna wuce juna a tsakar gida da sannu da aiki.

Likita ta ce a riƙa zaunar da Auta a kujera yana shan iska, a koya masa tsayuwa kaɗan-kaɗan. Wata safiya tana kicin ta ji ƙarar kujera, sannan wani abu mai nauyi ya bugi siminti. Ta leƙo. Auta ne ya yi ƙoƙarin miƙewa shi kaɗai ya zame. Yana kwance a gefensa, kumatu a ƙasa, hannun mai lafiya yana laluben ƙafar kujera. Ubansa ya fito ke nan zai tafi shago, ya tsaya a kansa.

Ta ga bakin Katanga ya buɗe. Ta san kalmar da ke tafe. Ta rantse a ranta, in ya faɗe ta, yau zamansu ya ƙare. Bai faɗa ba. Ya jefar da makullan shago, ya sunkuya, ya zura hannaye ƙarƙashin hammatar ɗansa. Bai taɓa yi ba, bai ma san yadda ake kamawa ba. Ya ja, nauyin ya sauka a kan ƙafar da ba ta lanƙwashewa, ta zame, ya tafi gaba ɗaya ya zube a gefen yaron. Ya yunƙura, ya kasa. Ya sake yunƙurawa, ya kasa.

"Baba," in ji Auta, a hankali, "bari... Umma... ta zo."

Ta fito da ludayi a hannu ta tsaya a kansu. Maza biyu a ƙasa, kowanne ya fi ta nauyi, ɗaya na haki, ɗaya na dalalar da yawu. Ƙofar gida a rufe take, maƙwabta duk sun fita aiki. Ta ajiye ludayin a bakin taga, ta gyara ɗaurin zaninta, tana duban wanda za ta fara da shi.